Jan Zare a Jikin Kwalba

Litinin, bayan azahar

Mun dawo daga asibitin unguwa ba kwalbar da na je nema. Auta tun ƙarshen mako take tari da majina, jikinta da zafi, yarinyar da ko biyar ba ta cika ba. Sista ta tsire mata ɗan yatsa, ta ɗiga jinin a wani ɗan tsinke, ta tura shi cikin wata na'ura da ba ta kai dutsen gugata girma ba. Ban gama lallashin Auta ba na'urar ta yi ƙara, wai har ta gama bincike.

"Mura ce," in ji Sista. "Jininta bai nuna irin ciwon da antibayotik ke yi wa aiki ba. Ki ba ta ruwa da yawa, da maganin zazzaɓi in jikin ya yi zafi. In numfashinta ya yi sauri, ko ƙirjin yana lotsawa, ko ta ƙi shan ruwa, ki kawo ta nan take. In ba haka ba sai Alhamis."

Na ce, "Sista, maganin garin nan da ake zuba wa ruwa a girgiza fa? Shi kuka saba ba mu."

"Da kenan, lokacin da muke lalube."

Na leƙa bayanta. Kwalaben suna jere a kabad, an sa musu ɗan kwaɗo. Wa ake ajiye wa?

Litinin, bayan magariba

Baban Auta ya dawo daga aikin wayoyin wutarsa, na ba shi labari. Ya ajiye jakar kayan aiki, ya tara mu, ni da Inna mahaifiyarsa, kamar mai karanta doka.

"A gidan nan ba wanda zai ba yarinyar nan komai sai abin da Sista ta ce. Ba kemis, ba sauran maganin wani. Kun ji ni?"

Inna ta ce, "Ai ni ce farkon mai tsaya maka. Mun gani wancan karon."

A da ba Baban Auta ake kiransa ba, da sunan yayanta da muka rasa ake kiransa. Wancan karon ma da tari ya fara.

Talata, da hantsi

Tarin ya fi na jiya. Na ɗora kunnena a bayanta, ban san abin da nake sauraro ba.

Talata, bayan la'asar

Zare na fita saya. Hanyar shagon zare ta gaban kemis take bi, ba ni na shimfiɗa ta ba.

Mai kemis ya ce, "Na'ura? Na'ura ce ta haifa miki ita?" Bai tambaye ni takarda ba, ya miƙo mini kwalbar. Ya nuna mini inda ruwan zai tsaya, ya ce cokali ɗaya safe, rana da yamma.

Kwalbar tana cikin buhun ƙyallaye, ƙarƙashin keken ɗinkina, inda ba mai sa hannu sai ni. Na ce wa Auta, "Wannan tsakanina da ke ne. Ko Abba, ko Kaka, kar ki faɗa." Ta ɗaga kai, ta shanye, ta lashe cokalin. Tsoro nake ji, amma rabona da numfashi mai daɗi irin na yau tun ranar da ta fara tarin.

Laraba, da yamma

Baban Auta ya fito da sabuwar ɗabi'a. Yana dawowa ya ɗora Auta a gaban babur, wai zai kai ta shan iska. Mai tari da shan iska. Suka dawo tana tsotsar alawa, shi kuma yana ta fara'ar da ban saba gani ba a ranar aiki.

Na ce, "Ina kuka je?"

"Nan bakin titi."

Na tambayi Auta a banɗaki, ta ce, "Nan bakin titi." Kalma ɗaya da tasa, kamar an karanta mata.

Alhamis, da rana

Mun koma wurin Sista. A gabanmu akwai wata mata mai 'yan kunnen zinariya da jaririnta. Aka tsire shi, na'ura ta yi ƙara, sai ga Sista ta zaro makulli daga aljihu. Kwaɗon nan ya buɗe ba gardama, har da takarda aka rubuta mata. Na dubi mayafina da ya sha wanki, na gane yadda na'urar take karatu.

Da aka zo kanmu Sista ta saurari ƙirjin Auta, ta ƙirga numfashinta, ta ce da sauƙi. "Kin gani? Jikinta ne ke yaƙinsa. Tarin zai ɗan ja lokaci, kar ya dame ki. Ba ki dai ba ta wani abu ba ko?"

Na ba ta amsar da na ba ta. Auta ta dube ni, ta mayar da ido kan takalminta.

A raina na ce sauƙin nan na san daga inda ya zo, ba daga akwatinki ba.

Juma'a, da safe

Kwalbar ta yi ƙasa fiye da yadda na ba ta. Ni tela ce, idona ba ya ɓata awo. Na ɗaura jan zare daidai inda maganin ya tsaya.

Juma'a, kafin magariba

Kasuwa na je, na dawo. Maganin ya sauka ƙasa da zaren, ban kuwa taɓa shi ba tun safe.

Mutum ɗaya ce ta shigo gidan nan yau daga waje, matar mai burodi. Ta zo gwajin rigarta, ta tarar ba na nan, Inna ta ce ta jira ni a kujerar keke. Ɗanta kuwa sati guda yana tari, ta bango muke jin sa. Gwiwarta da buhun ƙyallaye ba nisa.

Asabar, da hantsi

Ta dawo, ina sa mata fil a kafaɗa na ce, "Ya tarin yaronki? Na ji kamar ya samu magani."

"Wane magani? Zuma nake ba shi."

"To, wani zuman a gidan maƙwabta ake samun sa."

Ta juyo har fil ya soke ta. "Me kike nufi, Maman Auta?"

Ban iya faɗin abin da nake nufi ba, don in na ce an saci abu sai na faɗi abin da aka sata. Ta tuɓe rigar, ta naɗe yadinta da ɗinkin bai ƙare ba, ta fita ba sallama. Shekara da shekaru ina yi mata ɗinki.

Asabar, da yamma

Cikin Auta ya fara gudu. Baban Auta ya sake fita da ita. Da suka dawo na kama hannuwanta na duba yatsu ɗaya bayan ɗaya, ko zan ga sabon tabon allura. Zuciyata tana gaya mini wurin Sista yake kai ta a ɓoye, a gwada jinin a ga ko na ba ta wani abu. Ban ga tabo ba. Amma tsinin nan ƙarami ne, zai iya ɓacewa.

Lahadi, bayan azahar

Matar mai burodi ba ta taka gidan nan ba. Maganin ya sake sauka ƙasa da zare.

Na naɗe kwalbar a farin ƙyalle na kifa ta, ko ɗigo ba ta yi. Ba yoyo ba ne, ba maƙwabciya ba ce. A cikin gida ne.

Yanzu na gane. Wani ya gano kwalbar, yana tsiyayar da ita kaɗan-kaɗan a magudana don ta ƙare da wuri, ba tare da an yi rigima ba. Inna ce. Kwana biyun nan ta tsiri shara a ƙarƙashin kekena, wai tana tara ƙyallaye za ta cusa matashi. Matar da ko tsinke ba ta ɗagawa saboda ciwon baya. Ta ce ita ce farkon mai tsaya wa ɗanta, ga shi tana tsayawa.

Da ta yi mini faɗa ido da ido da ya fi mini sauƙi.

Litinin, da safe

Kwalbar ta ƙare tun kafin lokacinta. Na koma sayen zare.

Mai kemis ya ce gudawar alama ce ciwon yana sauka daga ƙirji zuwa ciki, ya ba ni wani da ya ce ya fi na farko ƙarfi. Na mayar da shi buhun, don in na canza wuri Inna za ta san na sani. Na ɗaura zare. Tunda ana zubar mini, cokalin yanzu har baki nake cika shi.

Litinin, da yamma

Muna cin abinci mu uku ba mai kallon wani. Inna ta ce gishiri ya yi daidai. Baban Auta ya ce za a ɗauke wuta gobe. Auta ta ture kwanonta, ta kwanta a cinyar kakarta.

Talata, da hantsi

Ba ta ci komai ba. Harshenta ya yi fari-fari, ta ce bakinta yana mata zafi.

Laraba, da rana

Zanen gadonta uku na shanya, ko huɗu, na daina lura. Tarin kam ya kusa tafiya, amma yarinyar ta zube, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ga wasu ƙuraje ja a cikinta.

Baban Auta ya ce, "Gobe mu koma wurin Sista."

Na ce, "Wadda ta ce mura ce? Ga murar nan kana gani."

Na zaci zai yi gardama, shi mai doka. Sai ya sunkuyar da kai yana murza salatif a hannunsa, ya ce to a ga gobe. Inna ma ta ce a ga gobe. Ban taɓa ganin su biyun sun yarda da magana ta da sauri haka ba, kuma wannan ma bai kwanta mini ba.

Laraba, bayan la'asar

Na hau kujera zan sauko da bargo daga saman kabad, hannuna ya taɓa ledar takalman yayanta. Na sauko ba bargon.

Alhamis, da safe

Zare yana sama, magani yana ƙasa. Inna ta kira Auta ɗakinta wai za ta shafa mata mai, ta tura ƙofa. Na tsaya a bakin ƙofar ina jin ta tana raɗa. Tambayar ta take yi, na sani, me uwarki take ba ki, sau nawa. Auta ba za ta faɗa ba. Yarinyar nan akwai riƙon magana, har tausayi take ba ni.

Alhamis, kafin magariba

Ko zama a babur ba ta iyawa, amma ya ɗauke ta a kafaɗa ya fita da ita ƙofar gida, da jakar aikinsa a ɗaya hannun. Me mai shan iska zai yi da jakar aiki?

Juma'a, da rana, a asibiti

Da safe ta ƙi ruwa. Idanunta sun faɗa, tana kuka ba hawaye. Ba wanda ya ce a ga gobe. Sista tana ganin ta ta rubuta takarda ta ce mu wuce babban asibiti. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ma dube ni ba.

An sa mata ƙarin ruwa. Sai da suka nemi jijiya a hannu biyu kafin su samu.

Gado na biyu daga namu, matar nan ce mai 'yan kunnen zinariya. Jaririnta yana kwance da robar iska a hanci, ƙirjinsa yana lotsawa kamar ana danna shi da yatsa. Tun ranar da na gan su suke nan, takardar da aka rubuta mata ta turowa ce. Ta gane ni, ta ce, "Sannu, ke ma an turo ku?" Kunya ta hana ni amsawa da kyau.

Asabar, da hantsi

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Auta ta ɗan farfaɗo, har ta nemi a jingina ta da matashi. Likita ta zo zagaye, wata doguwa mai gajiyayyen ido. Ta saurari ƙirji ta ce fes yake. Ta duba baki, ta duba ƙurajen, ta daɗe tana kallon mu uku a tsaye.

"Ina so in san abin da ya shiga cikin yarinyar nan kafin in rubuta mata komai. Ta sha antibayotik a kwanakin nan?"

Baban Auta ya ce, "A'a, likita. Ni na hana."

Inna ta ce, "Ko ɗigo."

Saura ni. Na san in na yi shiru za a iya ba ta abin da zai ƙara mata. Amma na tsaya ina kallon Inna ina jiran ta tona ni.

Likita ta tsuguna a gefen gadon. "'Yan mata, kina shan magani a cokali?"

Auta ta dube ni, ta dubi babanta, ta dubi kakarta.

"Wanne?" in ji ta.

Likita ta ce, "Guda nawa ne?"

"Akwai na Umma mai zare. Kaka ma shi take ba ni in Umma ta fita. Na Abba daban ne, yana cikin jaka, mai ɗaci ne, shi ya sa ake ba ni alawa." Sai ta fashe da kuka. "Kowa ya ce kar in faɗa. Ban faɗa ba, ita ce ta tambaye ni."

Likita ta miƙe ta ce a kawo mata kwalaben duka, har wadda ta ƙare in ba a yar ba. Baban Auta bai je ko'ina ba. Ya zuge jakar aikinsa, ya zaro tasa daga cikin wayoyi.

Asabar, bayan la'asar

A barandar asibiti Inna ta zauna kusa da ni, ba ta kalle ni ba.

"Na ga kwalbar, na ga zaren. Na ce yarinyar nan tsoron mijinta take ji, rabi-rabi take ba ta, tana aunawa kar ya ƙare. Na ce bari in cika mata."

Na ce, "Ni na ɗauka zubarwa kike yi, Inna."

"In zubar? Ni da na riƙe wancan a hannuna?"

Baban Auta yana can ƙarshen baranda, ya ba mu baya. Tun ranar Laraba ta farko ya sayi nasa, kwana biyu bayan dokarsa. Ina jin haushinsa, ina jin haushin Inna, amma duk inda na juya da haushin sai ya dawo kaina.

Lahadi, da safe

Likita ta ce magunguna iri uku sun wanke mata hanji har da ƙwayoyin da ke taimakon ta, farin bakin ma daga nan ne. Murar ta daɗe da tafiya da ƙafarta. Ta ce abin da ya fi damun ta shi ne ranar da yarinyar za ta buƙaci maganin da gaske, ko zai ji ta. Na taɓa jin irin wannan maganar daga bakin wani likita, lokacin yayanta. Ba zan rubuta ta sau biyu ba.

Talata, da rana

An sallame mu. An ba mu garin ruwan gishiri da sukari, da wani maganin ruwa guda ɗaya na gyaran ciki, cokali ɗaya kullum da safe, ba ƙari.

Na aika wa matar mai burodi gaisuwa. Ta ce tana amsawa. Yadin bai dawo ba.

Laraba, da safe

Na ajiye kwalbar a tsakiyar tebur, inda kowa zai gani. Na kira Baban Auta, na kira Inna, na zuba a gabansu. Auta ta shanye, sai ta jawo mayafina, ta kai bakinta kunnena.

"Umma, wannan a faɗa ko kar a faɗa?"

Na ce ta faɗa wa duk wanda ta ga dama, har Sista. Ta kalli fuskata, tana neman ko tarko ne. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Alhamis, da yamma

Ta ci shinkafa, ta nemi ƙari. Ta bi kazar maƙwabta har ƙofar gida.

Da safe, bayan na ba ta maganin kowa ya watse, na ɗaura jan zare a kwalbar. Ba don komai ba, hannuna ne ya saba.

Yanzu na zo wucewa na ɗaga ta in duba. Maganin yana daidai da zarena. A ɗaya gefen an manna ɗan guntun baƙin salatif, irin na wayar wuta. A jikin takardar kuma akwai kartar farce, ƙarama, a karkace, irin ta hannun tsohuwa. Duka ukun a layi ɗaya suke.

Na mayar da ita inda take, na juya gefen zaren yana kallon ƙofa.